Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Ba Ku Yi Wa Malamar Nan Adalci Ba

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci ƙwarai da yadda mai gabatar da shirinku na rediyo na ranar Laraba ya riƙa katse malamar nan da kuka gayyato don ta yi bayani kan samar da magani ta hanyar renon tsiro a cikin kwalba, yana ta maimaita cewa renon tsiro a cikin kwalba wasa ne da halittar Allah, alhali bai bar ta ta kammala ko jimla ɗaya ba.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai maganin gargajiya ne, kuma tun ina yaro nake bin sa daji neman sassaƙe. Itatuwan maɗaci da muke ɗiba a wancan lokaci, yau na san inda kututturensu suke tsaye a bushe, domin masu neman magani sun kwashe ɓawonsu har zagaye, itacen da aka yi wa haka kuwa ba ya rayuwa. Abin da malamar take son faɗa shi ne a yanki ɗan ƙaramin ɓangare na tsiro, a ajiye shi a kwalba mai tsabta da sukari da sinadaran abinci, ƙwayoyin halittarsa su yi ta yawaita suna fitar da maganin, ba tare da an sake ɗora gatari a kan itacen ba. Ina saɓon Allah a nan? Manomin da ya dasa reshen rogo ai bai ƙirƙiri rogo ba.

Tun a 1983 wani kamfani a Japan ya fara samar da jan rinin shikonin ta wannan hanya. Maganin ciwon daji na Taxol, wanda a dā sai an fere ɓawon wani itace a Amurka, yanzu ana samun sa daga ƙwayoyin tsiro da ake renonsu cikin manyan tankuna a Jamus. Ga mu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga maɗaci da marke da bagaruwar da majemanmu ke jima da ita, amma kun sa ɗaliban da suka saurara jin kunyar karatun da suke yi.



Ina roƙon ku sake gayyato malamar, ku ba ta cikakken lokaci, mai gabatarwar kuma ya ba ta haƙuri a gaban masu sauraro.

Naku mai sauraro,
daga Mabera, Sakkwato.