Kayen Hutunmu na Yamai

Birni, Damagaram

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin Faransa da kake ta kuka da shi. Mu nan alhamdu lillahi, sabon gero ya fara shigowa kasuwar Dole, yara kuma sun koma lakwal.

Ka ce in turo maka hotunan tafiyarmu Yamai ta WhatsApp. To, sai haƙuri. Kwana uku da dawowarmu salular ta faɗa bokitin wanki, mai gyara ya juya ta ya sake juyawa, ya ce in yi mata addu'a. Abin da ya rage mana kaye ne guda, irin na 'yan lakwal, na dala arba'in, kuma saboda shi na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda.

Dabarar babbar 'yarka ce. Malaminsu ya ce kowa ya rubuto abin da ya gani a hutu. Ita kuwa ta ce abin da aka gani kowa ma zai rubuta, ita abin da aka faɗa za ta kama. Tun a tasha ta kafa doka: duk maganar da ta sa mutum biyu dariya ta shiga kaye, da ranar da wurin, kuma ba a gogewa. Na amince ina murmushi, ashe wuƙar yanka ni nake wasawa.

Ka san hanyar, kusan kilomita 900. Mun tashi da asuba, ko Takeita ba mu wuce ba Hajiya ta taɓa ni ta ce, "Ɗan nan, mun kusa?" Ta sake tambaya a Tasawa, ta sake a Maradi. A Galmi ta rantse sai an saya mata albasa, muka ƙarasa Konni da Dogon Dutsi da Doso mota na ƙamshin miya. Duk yana shafin farko.

Wanda ya fi tsaya mini a rai na Auta ne. Yaron nan shekararsa shida, ruwa mafi yawa da ya taɓa gani shi ne tafki da damina, sai jarkokin 'yan garuwa. Washegarin saukarmu muka hau gadar Kennedy, watan Agusta, kogi ya cika ya yi jajir da laka. Ya leƙa ta taga, ya yi shiru har na ɗauka tsoro ne ya kama shi, can sai ya ja mini riga ya ce, "Baba, wa ya bar famfo a buɗe?" Mai taksi sai da ya rage gudu don dariya. Hajiya ko gezau, ta dubi ruwan ta ce da a Damagaram ne, kafin azahar 'yan garuwa sun kwashe shi tas. Na yi dariya, amma wallahi abin ya ɗan sosa mini zuciya. Ƙishirwar nan tana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga garinmu a 1926, ga shi yau jikokin jikoki suna ganin kogi su ɗauka ɓarna ce.

Ranar gidan tarihi na Bubu Hama kuwa ta Hajiya ce daga safe har yamma. Muka tsaya gaban iccen Tenere, ina ta yi mata bayani irin na masu boko: bishiyar nan ita kaɗai ce a tsakiyar hamada, ayari na gane hanya da ita, har wani direban babbar mota ya banke ta a 1973 aka ɗauko ta nan. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "Duk faɗin sahara bai ga inda zai bi ba sai kan icce ɗaya? Ɗan wa ne?" Ta ƙara da cewa ita dai ba ta taɓa ganin an gina wa makamashi ɗaki ba. Da muka isa wurin ƙasusuwan dabbobin nan na zamanin da, ta ɗaga kai tana bin ƙashin baya da ido, ta ce ko waɗanda suka ci naman sun tuna da maƙwabta. Dorina kuma Auta ya yi mata sallama sau uku, da ba ta amsa ba ya ce ai Zabarmanci take ji.

Yanzu ga nawa, tunda na san ko na ɓoye za a faɗa maka. Na cika baki a gaban kowa cewa na san Yamai kamar yunwar cikina, ni da na yi shekara huɗu ina tsallaka kogi zuwa jami'a a Harobanda tare da kai. Na ari motar mai masaukinmu zan nuna wa yara inda muka yi karatu. Abokina, a zamaninmu gada ɗaya ce, yanzu uku ne. Na hau wata, na sauka unguwar da ban taɓa gani ba, na juyo, na sake tsallakawa, sai ga mu a inda muka taso. Sau huɗu muka ƙetare ruwan nan. Na tsaya tambaya da ɗan Zabarmancin da ya rage mini, na yi "fofo" na yi "mate ni go", na kakare. Mutumin ya dube ni ya ce, "Alhaji, yi Hausa kawai, ni ɗan Mirriya ne." A kaye an rubuta: "Baba ya san Yamai, Yamai ce ba ta san shi ba." Uwargida ce ta faɗa, kuma har yau ba mu gama shari'ar ba.

Wani abu da na lura da shi: kwana biyun farko yarinyar da Faransanci take rubutawa, yadda aka koya mata. Da ta karanta mana, ba wanda ya yi ko murmushi, maganar Hajiya ta zama kamar sanarwar rediyo. Sai ta koma Hausa, da irin rubutun nan namu na lakwal, "boudé" a maimakon buɗe, "itché" a maimakon icce. Malamin Hausa zai yi kuka, amma muryar kowa tana ciki. Kuma a daren take rubutawa, da tocila, kafin barci. Abin da aka bari sai safiya, kowa ya gyara nasa, har ni.

Yanzu in an ɗauke wuta sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ɗora shayi, a ɗauko kaye. Hajiya ta ce ƙarya ake mata, ba haka ta faɗa ba, sannan ta ce a sake karanto wurin iccen. Hotunan da suka nutse, gaskiya ban cika kewarsu ba. Duk a tsaye muke mun ƙame kamar masu jiran katin ɗan ƙasa. Abin da nake kewa maganganun marigayi Baba ne. Ka tuna yadda yake sa fadarmu ta ƙofar gida dariya har mu riƙe ciki? Ran nan na zauna in tuno, uku kawai na samu, ɗayar ma ban tabbata haka ya faɗa ba.

An bar maka shafi biyu a ƙarshe. 'Yarka ta ce ka rubuto abin da yaranka suka ce ranar da suka fara ganin ƙanƙara tana zuba, kuma kada ka cire naka abin kunyar, ta san akwai.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko can ɗin ya fi Yamai nisa. Ka gaida madam da yara. Ina cikin rubutun nan yarinyar ta leƙo ta kafaɗata, ta ga maganar mai gyaran salula, ta ruga ɗauko bik.

Naka har kullum,
Abokinka na Birni