A duba aksil na gwanjo kafin a ɗaura

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masu farfaɗo da tsofaffin motoci game da sayen aksil na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya da furofela, sandar da ke kawo ƙarfin inji zuwa baya. Na shafe watanni ina gyara wata tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kuma da aksil ɗinta ya fara kuka sai na sayi na gwanjo a wurin wani mai sayar da kayan gyara.

Sai da muka kai shi gareji sannan muka gane cewa daga 504 mai dogon baya aka ciro shi. Ita waccan sifirin ɗinta naɗaɗɗe ne, alhali a-kori-kura falle-falle take amfani da shi, saboda haka mazaunan sifirin ba su dace ba, dole mai walda ya yanke su ya sake wasu. Da muka kwance murfin mai kuma, man ya fito da ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a tafin hannun bakanike.

A ganina, wajibi ne mai saye ya auna faɗin aksil, ya ƙirga ramukan kusoshin taya, sannan ya juya taya ya lissafa zagayen bakin furofela, domin idan lissafin giyar ya bambanta, mota za ta rasa ƙarfi a hawa ko injin ya riƙa ihu a kwalta. Birkin da ya zo da shi kuwa, ban amince da shi ba sai da na sake masa takalma.

Naka,
Wani mai karatu daga Kaduna