Hasken nan na arewacin duniya yana da tashar rediyonsa

Assalamu alaikum Edita, tare da fatan kana lafiya da dukkan ma'aikatanka.

Ni mai gyaran rediyo ne, sana'ar da na gada, shi ya sa abin nan ya daɗe yana cina. Tun watan Mayun 2024 da hasken nan kore da ja da ake kira orora ya sauko har aka ganshi a jihar Florida ta Amurka da ƙasar Meziko, mutanenmu ke ta tura hotunansa a Facebook, wani ya ce alamar tashin kiyama ce wani ya ce haɗin kwamfuta ne, amma ba wanda ya tsaya ya faɗa mana cewa hasken ba shiru yake ba, wallahi watsa shiri yake kamar gidan rediyo.

Ga yadda abin yake. Rana tana feso ƙananan ƙwayoyi masu caji, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa can ƙurya ta arewa da ta kudu, su bugi iskar oksijin wajen kilomita 100 zuwa 300 a sama sai hasken ya fito, irin wanda mutanen Tromso a Norwe da Fairbanks a Alaska suka saba gani da hunturu. To can sama da hasken, dubban kilomitoci, ƙwayoyin nan suna gangarowa suna juyi a kan layin maganaɗisu, a nan suke sakin igiyar rediyo tsakanin kilohaz 50 zuwa 500. Tsawon igiya ɗaya yakan kai kilomita guda, kuma in abin ya yi ƙarfi yakan doshi wat biliyan ɗaya, ka ga babu gidan rediyon ɗan Adam da ya isa ya kama ƙafarsa. Tauraron ɗan Adam na Tarayyar Sobiyet mai suna Elektron ne ya fara jiyo shi a shekarun 1960, sannan masanin fiziks Donald Gurnett na Jami'ar Iowa ta Amurka ya yi cikakken bayaninsa a 1974.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi ne ya shafe mu, shi ne dalilin da ya sa ba ma jinsa. Akwai wani rufi na iska mai caji a sama, shi ne yake dawo mana da gajeren zango har kakanninmu suka riƙa kama BBC da Muryar Jamus a ƙauye da batir biyu. To wannan rufin dai shi ke tare igiyar orora ya mayar da ita sararin samaniya, wato garkuwa ɗaya ce, tana tare na ciki tana tare na waje. Shi ya sa ranar da rana ta yi aman wuta mai ƙarfi rufin ya rikice sai gajeren zango ya ɗauke ɗif da tsakar rana, mutum ya kwaso rediyonsa ya kawo min wai ta lalace alhali lafiyarta ƙalau, ni kuma in na ce masa daga rana ne sai ya yi min kallon mayaudari.

Akwai wasu igiyoyin dai masu ƙasa-ƙasa da ke isowa doron ƙasa a can yankin ƙanƙara, in aka mayar da su sauti wani kamar ana suya a kasko wani kamar kukan tsuntsaye da asuba. Ko duniyar Jufita ma tana irin wannan watsi, tun 1955 aka kama nata.

Don Allah Edita a samo mana malamin fiziks daga jami'o'inmu ya riƙa rubuta irin wannan ko da sau ɗaya ne a wata, in samu abin da zan nuna wa kwastomomina.

Naka,
Wani mai gyaran rediyo, daga Kano