Wasiƙa ga Aminu kan jirgin Gotha

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kuma karatu na tafiya daidai.

Tunda an fara koya muku lissafin nauyin jirgi da rabon kaya a cikinsa, ina so ka nemi tarihin Gotha G.IV ka karanta a natse. Jirgin Jamus ne mai ɗaukar bama-bamai a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fikafikansa hawa biyu ne, faɗinsu ya kusa mita 24, injinsa Mercedes guda biyu, kowanne ƙarfin doki 260, farfela kuma a baya take tana tura shi. Mutum uku yake ɗauka. Daga filayen da ke kusa da Ghent a Beljiyam ya riƙa tashi yana ƙetare teku zuwa Ingila. Ranar 13 ga Yuni, 1917, jiragen nan suka kashe mutum 162 a Landan, 18 daga ciki yara ne a wata makarantar firamare ta unguwar Poplar. Kada sha'awar inji ta mantar da kai wannan.

Abin da ya shafi aikinka shi ne, jiragen Gotha da suka salwanta a haɗari, musamman wajen sauka, sun fi waɗanda aka harbo yawa. Idan jirgin na cike da kaya, zaman lafiya yake tafiya. Da an saki bama-bamai, mai kuma ya ƙone, sai daidaiton nauyinsa ya sauya, ya yi wuyar sarrafawa. Ga matuƙi ya yi sa'o'i cikin sanyi a saman mita 4,000, ga duhu, tunda daga Satumbar 1917 sun koma kai hari da dare. Kuskure kaɗan sai taya ta kafe, jirgin ya kife da hanci. Tankunan man kuwa dab da injin aka sa su, saboda haka da sun fashe, mai ya zubo kan ƙarfe mai zafi, sai gobara. Shi ya sa a samfurin G.V aka mayar da tankunan cikin gangar jirgi.

Don haka kullum ka yi lissafin nauyi sau biyu, na tashi daban, na sauka daban. Mai kuma ka auna shi da iskar da za ta tare ka a hanyar dawowa, ka bar rara wadda ba ka taɓawa. In lissafi bai fita ba, kada ka sa hannu a takarda, ko wa ke gaggauta ka.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka