Matafiya, kwaroron roba da awa 72

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi magana da 'yan uwanmu matafiya: direbobin manyan motoci na hanyar Duwala zuwa Injamaina, masu tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri, fatake masu zuwa Bangi ko Mubi, da masu hawa jirgi zuwa Dubai sarin kaya. Maganar tana da nauyi a baki. Ba lasisin zina muke rabawa ba. Kame kai shi ne kariyar da ba ta da ɓaraka, malamai kuma ba su gaji da faɗa ba. Amma wanda ya zame a Duwala, matarsa da ke Marwa ba ta zame ba, ita ce kuma za ta karɓi tsarabar da ya kwaso.

Ƙwayar HIV, mai jawo sida, ba a ganin ta a fuska. Mutum kan yi shekaru da ita yana ɓul-ɓul, fata na sheƙi. Binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 2.7 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 a Kamaru suna ɗauke da ita, amma a tsakanin mata masu zaman kansu a tashoshi da garuruwan kan iyaka, adadin ya ninka haka sau da yawa. Wasu kuma kan ce ai suna da kaciya. Gaskiya ne kaciya na rage wa namiji haɗarin kamuwa da kusan kashi 60 cikin 100, amma ragi ne kawai. Idan akwai gyambon tunjere ko ciwon sanyi a al'aura, ƙofar ta ƙara buɗewa.

Kwaroron roba, wanda mutanenmu ke kira kapot, yana aiki. Inda ake samun matsala shi ne ajiya da sakawa.

A saya tun daga gida, a kyamis da aka sani, kada a bari sai dare ya raba a baƙon gari. A duba ranar lalacewa, wadda ake bugawa kusa da EXP. A matsa fakitin tsakanin yatsu biyu: idan an ji 'yar iska a ciki, lafiya, idan ya lafe kamar takarda, ya huje, a yar. Zafi shi ne babban makashin roba. Wanda ya san watan Afrilu a Garwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san yadda akwatin gaban mota ke zama tanda. Haka aljihun baya na wando, inda ake zama a kansa wuni guda. Wurinsa cikin jakar kaya, tsakanin tufafi. Wanda aka buɗe aka tarar ya yi danƙo ko ya bushe, ya gama aiki.

Ana yaga fakitin daga gefe da yatsa, ba da haƙori ko reza ba. Ana sakawa bayan gaba ya miƙe, kafin a taɓa juna ko kaɗan, domin ruwan da ke fita kafin maniyyi ma yana iya ɗaukar ƙwayar. A matse ɗan hancin da ke saman don iska ta fita, a bar wurin da maniyyi zai zauna, sannan a warware har gindi. Iskar da aka bari a nan tana cikin abubuwan da ke fasa shi. Idan an kifa shi a juye ya ƙi warwaruwa, kada a juya a ci gaba, a ɗauki sabo. Bayan an gama, a riƙe bakinsa a gindi a zare kafin gaba ya kwanta, a ƙulle a jefa a masai. Ɗaya, sau ɗaya. Masu haɗa biyu wai don ƙarin tsaro, gogayyar robar da roba ce ke yaga su.

Sai mai. Basilin, man kaɗanya, man gyaɗa, man shafawa, duk suna cinye roba cikin 'yan mintoci. Abin santsi na ruwa da ake sayarwa a kyamis shi ne daidai. Kayan matsi da ke busar da gaban mace kuwa illa biyu suke yi: suna yaga roba, suna kuma jawo ƙananan raunuka inda ƙwayar ke shiga.

To, idan ya fashe fa, ko ba a saka ba sam? Wanka da sabulu, lemun tsami, fitsari nan take, ko haɗiye kafso biyu daga hannun mai talla, babu wanda ke hana HIV. Abin da ke hanawa shi ne magani na gaggawa da ake kira PPE a ƙasashen Faransanci, PEP a na Ingilishi. Dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa, gwargwadon amfaninsa. A asibiti za a fara yi wa mutum gwaji, sannan a ba shi ƙwayoyi ya sha kullum har kwana 28 ba fashi. Kada wanda ke Bangi ya ce sai ya dawo gida. Hanya kaɗai za ta cinye kwana ukun. Ya nemi babban asibiti a inda yake.

Gwajin washegari ba ya nuna sabon kamu. A gwada bayan mako 6, a maimaita a wata 3. A tsakanin nan ne ƙwayar ke da yawa ƙwarai a jini, kuma zazzaɓin da kan zo mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa sau da yawa ana ɗaukar sa maleriya ne. Don haka wanda ya dawo da shakka ya yi amfani da kwaroron da iyalinsa har sakamako ya tabbata, ko da za a sha tambaya. A Kamaru maganin rage kaifin cutar kyauta ne tun 2007, gwaji ma an ɗauke kuɗinsa a asibitocin gwamnati tun Janairun 2020. Matafiyin da ya riga ya hau magani kuma ya roƙi na wata 3 kafin ya kama hanya, ya ajiye shi a jakar da ba ya rabuwa da ita.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Garwa, Kamaru