Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Ƙarar Dare da Rashin Wurin Kai Kuka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, ta hannun masu unguwanninmu, tare da kwafi ga shugabannin hukumar birni da na gundumomi biyar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwar biyayya da fatan alheri ga Mai Martaba da iyalansa da ƴan majalisar fada, mu talakawanka ne mazauna Birni, da Zango, da Sabon Gari, da Garin Malam, da Karkada da wasu unguwannin da ke kewaye. A cikinmu akwai magidanta da matan gida, akwai malaman lakkal da na allo, akwai ma'aikatan likita masu kwanan aiki, akwai ƴan garuwa da ƴan kabu-kabu. Abin da ya tara mu shi ne ƙarar da ke hana unguwanni barci da dare. Abin da ya fi ƙarar ciwo kuwa shi ne, idan ta dami mutum bai san ƙofar da zai buga ba, in ma ya buga ba ya ganin ƙarshen maganar.

Ranka ya daɗe, mun san gari ba ya zama shiru. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum sama da 300,000 a gundumomin birnin nan biyar, kuma kowa na ganin yadda gidaje suka ƙaru tun daga lokacin. Hayaniyar Kasuwar Dole ranar Alhamis, da bugun maƙera, da kakaki da tambura ranar hawan Sallah, duk namu ne, da su muka tashi, ba mu zo kuka da su ba. Kukanmu ya tsaya kan abin da ke faruwa bayan mutane sun rufe ƙofa.

Babba a ciki shi ne kiɗan biki. A da makaɗi yakan zo da kalangu ko ganga, ya yi iyakar ƙarfin hannunsa, dare na yi ya gaji ya tafi gida. Yanzu sai a ɗauko manyan lasifikoki a amalanke, a jera su a tsakiyar layi, a toshe hanya da kujeru, a tayar da gurup, wato injin ba da wuta, a ƙure murya tun bayan isha'i. Na'ura ba ta gajiya. Sau da yawa sai an kusa kiran assalatu ake kashewa, kuma biki ɗaya yakan ci dare biyu ko uku. Lokacin da aure ya yi yawa, kamar gab da azumi da bayan Sallah, layi ɗaya na gamawa na kusa da shi zai ɗauka. Wanda bai kwana a gidan da ke jikin irin wannan taro ba ba zai gane ba: kwanon rufi rawa yake yi, jariri ya firgita ya ƙi kama nono, tsoho mai hawan jini ya kwana zaune yana dafe da kai. Ga kuma bazara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40 da rana kuma ɗaki ba ya shiguwa da dare, kusan kowa a tsakar gida ko ƙofar gida yake shimfiɗa tabarma, babu bango tsakaninsa da lasifikar. A daidai wannan lokacin ne kuma yaranmu masu shirin jarrabawar BEPC da BAC suke buƙatar daren don bita, su kuma wayi gari da ido biyu a aji.

Akwai abin da ya keɓanci garin nan. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram. A unguwanni da yawa mace takan tashi cikin dare ta duba ko famfo ya kawo, ɗan garuwa ya fita da kura tun kafin asuba don ya sami layi. Barcin waɗannan bayin Allah dama guntu ne. In kiɗa ya cinye farkon dare, neman ruwa ya cinye ƙarshensa, yaushe suka huta?

Sauran sun fi wannan sauƙin faɗi. Gurup da ake ajiyewa a jikin katangar maƙwabci in an ɗauke kuran, hayaƙi da ƙara duk su faɗa ɗakin wani, abin da ya ƙaru ƙwarai tun lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023 mutane suka yi ta sayen inji. Samari masu cire salansar moto suna tsere a kan kwalta tsakar dare. Wasu fadodin matasa da ke kunna waƙa har ƙarfe biyu ko uku, ko da yake muna shaida cewa fadodi da yawa shayinsu da hirarsu kawai suke sha, har ma su ne ke sa ido kan ɓarayi a layinsu. Sai injin niƙa ko wurin walda da aka buɗe a tsakiyar gidajen kwana ba tare da an tambayi kowa ba.

Akwai kuma wadda muke faɗi da ladabi, domin ta shafi addininmu. Kiran salla ba ya cikin wannan koke ko kaɗan. Amma wa'azi ko karatu da ake sakawa a lasifikar waje har dare ya raba, alhali masu sauraron suna zaune gaban malam, ya kamata malamanmu su dube shi. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu a masallaci, ya hana su cutar da juna da ɗaga murya kan juna. Kuma Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratun Naba'i cewa ya sanya barci hutawa, ya sanya dare sutura, ya sanya rana lokacin neman abinci. Wannan magana ta malamai ce, su suka fi mu sani, mu dai roƙonmu a zauna da su.

Allah ya taimaki Sarki, yanzu ga ainihin kukan. Idan ƙara ta dami magidanci, yakan fara da abin da aka koya mana: ya yi haƙuri, sannan ya tura babba ya yi magana da maƙwabcin cikin mutunci. In ba a ji ba ya je wurin mai unguwa. Mai unguwa yakan yi iyakar ƙoƙarinsa, ya kira mutum ya yi masa nasiha, amma sai a fito masa da takarda a ce an sami izinin yin taro, ko a ce masa kawai yau ɗaya ce. Daga nan sai a ce wa mai kuka ya tafi ofishi. Da yawa daga cikinmu mun bi wannan hanya. Wani ofishin ya ce maganar ta masu tsaro ce, can kuma a ce ta masu kula da tsabta da muhalli ce, su kuma su ce ka koma wurin mai unguwarka. Ba a rubuta sunanka a ko'ina ba, ba a ba ka wata shaida cewa ka zo ba, in ka dawo bayan mako sai ka faro labarin daga tushe ga wani mutum dabam. Ƙarar kuma da dare take, ofishi da rana yake buɗewa, kafin a saurare ka an riga an kwashe kujeru an share wuri. Ba muna zargin ma'aikacin da ke zaune a kan tebur ba ne. Shi ma ba a faɗa masa a sarari cewa wannan aikinsa ne ba.

Abin da ya fi sa mutane yin shiru shi ne tsoron a san wanda ya kai kuka. Mu mutanen zumunci ne. Wanda ya yi biki yau, shi ne zai ɗauki makararka gobe. In sunanka ya fita, sai a ce kai ne mai baƙin ciki da farin cikin mutane, a daina gaisa da matarka a gidan suna, yara su riƙa jifan ƙofarka. Gwauruwa mai marayu ko baƙon da ke haya ba za su taɓa iya ɗaukar wannan ba, don haka sukan haɗiye. Wanda ya kasa haɗiyewa kuwa shi ne ke fita tsakar dare cikin fushi ya fizge waya, daga nan sai cacar baki, sai dambe, maganar da mai unguwa zai iya kashewa a zaure ta koma gaban alƙali. Gidajen da suka shekara da shekaru suna miƙa wa juna tuwo ta kan katanga sun daina magana saboda dare ɗaya.

A da mutum yakan tare kansilan da ya zaɓa ya faɗa masa. Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa shugabannin riƙo, wannan ƙofar ba ta nan, nauyin duka ya dawo kan masu unguwa, ba tare da an ƙara musu wani ƙarfi ba.

Doka kuwa tana nan. Kundin ƙananan hukumomi na 2010 ya ɗora wa shugaban gari kula da kwanciyar hankalin jama'a. Dokar muhalli mai lamba 98-56 ta Disamban 1998 ta yi magana kan ƙarar da ke cutar da mutane. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta tabbatar wa sarakuna ikon sasanta talakawansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 1999 ta nuna cewa ƙarar da ta wuce desibel 30 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) a ɗakin kwana tana ɓata barci, kuma likitoci sun daɗe suna danganta rashin barci da hawan jini da ciwon zuciya. Ba sabuwar doka muke nema ba. Muna neman a ɗinke tsakanin fada da hukumar gari yadda talaka zai san inda zai dosa.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba, a matsayinsa na uban ƙasa, ya kira zama da shugabannin birni da na gundumomi, da jami'an tsaro, da masu unguwa, da limamai, a tsayar da lokaci guda da kowa zai sani. Shawararmu ita ce a sauke lasifikar waje da ƙarfe 11 na dare, a lokacin jarrabawa kuma da ƙarfe 10, amma in dattawa suka ga wani lokacin ya fi, mun yarda, muddin guda ne ga mai kuɗi da talaka. Duk takardar izinin taro da za a bayar a rubuta wannan lokaci a jikinta, a rubuta sunan mai bikin da na mai kayan kiɗan, kuma kada a sa mata hannu sai mai unguwa ya shaida an sanar da maƙwabta. Ba sai an jira sayen na'urar awon ƙara ba. Ma'aunin da kowa zai gane shi ne: in lokacin ya wuce, mutum yana cikin ɗakinsa da ƙofa a rufe yana jin kalmomin waƙar, to an ƙetare iyaka.

Roƙon da muka fi ba muhimmanci shi ne a ware mutum ɗaya a kowace gunduma wanda karɓar irin wannan kuka zai zama aikinsa, da littafi a gabansa. Wanda ya zo a rubuta rana da wuri da irin ƙarar, a ba shi ƴar takarda mai lamba ya riƙe, a faɗa masa ranar da zai ji amsa. Sunansa ya tsaya cikin littafin, kada ya isa kunnen wanda aka kai kuka a kansa. A kuma samar da lambar waya guda da za a ɗauka da dare, domin kuka kan ƙarar dare ba ya jiran safiya. Wanda aka tura kada ya zo da faɗa ko ƙwace kaya a karon farko. Ya yi sallama, ya nuna agogo, ya ce a rage. In aka maimaita, mai unguwa ya zaunar da ɓangarorin biyu. Sai wanda ya raina sulhu ne za a ci tara, tarar kuma ta zama sananniya, da rasit, ta shiga asusun gari. Muna jaddada maganar rasit domin ba ma son wannan koke namu ya zama sabuwar hanyar tatsar masu ƙaramin ƙarfi.

Masu niƙa da masu walda da samarin da ke hayar kayan kiɗa ƴaƴanmu ne, abincinsu suke nema a lokacin da aiki ya yi wuya, kuma matanmu ba za su iya kwana ɗaya ba tare da injin niƙa ba. Kada a rufe wa kowa wurin sana'a. A sa musu lokacin buɗewa da na tashi, a umarci mai gurup ya janye shi daga jikin ɗakin kwanan maƙwabci ya yi masa ɗan ɗaki, sabon wuri kuma kada a buɗe shi cikin gidaje sai an ji ta bakin waɗanda za su zauna da shi. A kira su wurin zaman su ma, domin abin da aka yanke da mutum ya fi riƙe shi a kan abin da aka yanke a bayansa. Kusa da likita da gidajen haihuwa kuwa muna roƙon a tsaurara fiye da ko'ina.

Dalilin da ya sa muka kawo kukan fada, Ranka ya daɗe, shi ne takardar ofishi takan tsaya a jikin bango, amma maganar Sarki tana shiga zaure. In mai shela ya zaga, limamai suka faɗa ranar Juma'a, gidajen rediyon garin nan suka maimaita da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, mai biki ba zai ga cewa maƙwabcinsa ne ya takura masa ba, zai san umarni ne da ya hau kan kowa. Wannan kaɗai zai cire wa mai kuka kunya da tsoro. Mu ma mun ɗaukar wa kanmu alkawari a gaban Mai Martaba: duk wanda ya sa hannu a wannan takarda, ranar auren ɗansa ko ƴarsa shi zai fara kashe lasifika a kan lokaci.

Muna roƙon a yi wannan zama kafin bazara mai zuwa ta shigo, domin a lokacin ne abin ya fi tsanani. Wakilanmu, maza da mata, a shirye suke su zo fada duk ranar da aka kira su, su yi bayani baki da baki. Sunayen waɗanda suka sa hannu ko suka dangwala yatsa suna hannun masu unguwanninmu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da Damagaram da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
mazauna unguwannin birnin Damagaram.