Haba Malam Edita, ba fentin bas muke kewa ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na ranar Asabar ɗin nan ya tsaya min a rai, har yau ban huce ba. Baƙon da kuka gayyato ya zauna yana ta cewa wai da aka sakar wa 'yan kasuwa harkar bas a Ingila gasa ta shigo, fasinja ya samu zaɓi, shi kuma mai gabatarwa sai dariya yake yana cewa masu zuwa kallon tsofaffin basa-basai ai tsofaffi ne kawai da ke kewar ƙuruciyarsu. To ni ina cikin tsofaffin nan, kuma ina so in tambayi baƙon naku, ya taɓa tsayawa a tashar bas ƙarfe biyar na asuba a watan Janairu a Manchester yana jiran motar da aka soke ba a gaya masa ba?

Na zo garin nan karatu a 1982, karatu ya ƙare ban koma ba. Lokacin basa-basanmu ba jajaye ba ne irin na Landan da kuka yi ta magana a kai, namu ruwan lemo ne da fari, masu hawa biyu, duk na hukumar sufuri ta Greater Manchester. Ba zan ce babu matsala ba, akwai latti, akwai hayaƙin taba a saman bene da sai ka fito kayanka na wari, kujerun ma wasu sun sha jiki. Amma mota ɗaya ce, hukuma ɗaya, kuɗin da hanya mai cunkoso ta tara shi ke ɗaukar nauyin hanyar da ba ta da mutane. Wannan shi ne abin da baƙonku bai faɗa ba ko sau ɗaya.

Dokar sufuri ta 1985 ta gwamnatin Thatcher ce ta rusa wannan, ta fara aiki ranar Lahadi 26 ga Oktoba 1986. Daga ranar duk mai lasisi da mota zai yi rajista ya ba da sanarwar kwana 42 ya hau hanya, ya sa kuɗin da ya ga dama, ya janye in ya ga ba riba. Ni a lokacin ina aikin safe a wani gidan burodi, dole in isa kafin ƙarfe shida, motar da nake hawa kullum sai kawai ta daina zuwa, na tsaya ranar farko har yatsuna suka daina ji a cikin safa, rana ta biyu haka, sai wata tsohuwa baturiya da muke jira tare ta ce min ai an cire motar farko ta asuba, babu ciniki. Wata uku na yi ina takawa da ƙafa kusan awa guda cikin duhu da ruwan sama, har na haɗa kuɗi na sayi wani tsohon keke. Ita tsohuwar shara take yi a ofisoshi, ban san yadda ta ƙare ba, ban sake ganinta ba.

Amma a lokacin ka je titin Wilmslow Road ko Oxford Road inda ɗalibai suke, wallahi sai ka rantse tashar mota ce ta gida ranar kasuwa. Kala-kala, wannan kore wannan shuɗi wannan ma ba ka san kalarsa ba, har da 'yan ƙanana kamar hayis, suna tsere suna shan gaban juna, wani ya zo ya toshe tasha yana jiran lodi don kada na bayansa ya ɗauki ko mutum ɗaya. Ɗan kamasho ne kawai babu. Ka sayi tikitin sati na wani kamfani, motar da ta zo ta wani ce, direba ya kalli tikitin ya girgiza kai, sai ka sake biya ko ka sauka yara na kallonka. Ya faru da ni da 'yata tana goye a bayan uwarta, ruwa na dukanmu. Wannan ne zaɓin? Kuma gasar ma ba ta daɗe ba, manya suka haɗiye ƙanana, aka koma kowa da yankinsa, kuɗin mota na ta hawa.

In abin alheri ne me ya sa ba a yi wa Landan ba? Can hukuma ce ta ci gaba da tsara hanya da farashi, kamfanoni kwangila kawai suke karɓa. Shi ya sa Routemaster ɗin da kuke yabo, tsohuwar jar bas ɗin nan mai hawa biyu da kwandastanta a ƙofar baya, ta kai har Disamba 2005 tana aiki a layi na 159. Mu nan sai da aka yi dokar 2017 da ta ba da damar mayar da harkar bas ƙarƙashin hukuma, magajin gari Andy Burnham ya yanke shawarar yin hakan a 2021, kamfanoni suka kai ƙara kotu suka sha kaye, sannan a Satumba 2023 basa-basai masu ruwan ɗorawa na Bee Network, sabon tsarin hukuma, suka fara daga Bolton da Wigan. Shekara 37 kenan fa. Gashina ya yi fari kafin tikiti ɗaya ya sake yi min aiki a kowace mota.

Idan wakilinku ya sake shigowa ya zo gidan tarihin sufuri da ke Boyle Street a Cheetham, zan kai shi da kaina ya ga mai ruwan lemon nan, ya tambayi dattawan da ke goge ta me suke tunawa.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin murya lokacin labaran duniya. Kunnena ɗaya ya yi rauni, ganga nake ji ba labari ba, sau uku ina turo saƙo kan wannan ba wanda ya kula.

Naku,
Tsohon mai sauraronku daga Cheetham Hill, Manchester